Bayan An Gama Jima: Masu Ajiyar Fata a Kano

Kwana biyu da Babbar Sallah, duk wanda ya bi ta Ƙofar Wambai a Kano hancinsa zai gaya masa kakar majema ta kama. Fatun layya na shigowa a baro da a-daidaita-sahu, wasu a kan yara. Ɗanyar fata ba ta jira. Idan ta kwana babu gishiri a cikin zafi, gashi ya fara zuba, wari ya tashi, kuɗinta ya faɗi. Saboda haka ake rige-rigen saye da zuba gishiri da tsomawa, har a cikin 'yan makonni majema su jeme abin da dukawa ba za su iya ɗinkewa ba a watanni masu yawa. Farashi ya sauka, mai ɗan jari ya saya ya tara. Daga nan aikin wani mutum ke farawa, wanda ba kasafai ake ambatonsa ba idan ana lissafa masu sana'ar fata: mai ajiya.

Wani lokaci shi ne majemin da kansa, idan yana da ƙarfin da zai riƙe kaya ba tare da ya sayar nan take ba. Wani lokaci dillali ne a Kasuwar Kurmi, ko babban baduku mai yara da yawa wanda ba ya son aiki ya tsaya masa. Ko wane ne, ribarsa ɗaya ce: ya sayi fata lokacin da ta yi yawa, ya fitar da ita lokacin da masu takalmi da masu kayan doki ke nemanta ido rufe. Tsakanin sayen da fitarwar akwai damina, akwai hunturu, akwai gara da ɓera. A ganina, fatar da ake asara a ɗakin ajiya ba ta gaza wadda ake ɓatawa a wurin fiɗa ba, sai dai ita wannan asarar a ɓoye take faruwa. Ba wanda zai fito ya ce dozin goma sun yi masa fumfuna. Sai dai ka ga an rage kuɗi an sallama wa masu arahar takalmi.

Tun ran gini ran zane. Mai ajiyar da ya san aikinsa tun a majema yake fara ajiya, domin ba kowace fata ce za ta jure zaman ɗaki ba. Jimar gargajiya matakai ne: a jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, a kankare, a tsoma ta a ruwan kashin kaji ko na ganyen fataka don ta yi laushi, sannan a sa ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa, a shafe ta da mai, a shanya. Kowane mataki da aka yi wa ha'inci zai tona asirin kansa daga baya, ba a ranar ciniki ba. Idan ba a wanke toka ta fita sosai ba, fuskar fata za ta yi duhu, ta riƙa tsagewa bayan wasu watanni. Idan an bar ragowar nama da kitse a cikinta, an yi wa ƙwari shimfiɗa. Mafi muni ita ce fatar da aka tsamo daga bagaruwa kafin ta ratsa. A ido ta yi kyau, a hannu ta yi laushi, amma tsakiyarta ɗanya ce.

Shi ya sa za ka ga gwani ya zaro wuƙa ya ɗan yanki fata ta wajen wuya, inda ta fi kauri, ya duba bakin yankan. Idan launin bagaruwa ya bi daga fuska zuwa ciki, madalla. Idan akwai farin zare a tsakiya, sai ya ture ta gefe. Ba wai ba ta da amfani ba, a'a, za a iya aiki da ita a wannan makon. Ajiya ce ba za ta yi ba, don wannan farin zaren shi zai ƙandare da hunturu, ya ruɓe da damina. Bayan yanka sai sunsunawa, sai ɗagawa a haske don ganin sharɓen wuƙar mahauci da tabon kirci ko ƙazuwa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, kuma a wannan sana'ar hanci ma ya san ta.

Yana kuma bambanta fatar akuya da ta tunkiya. Ta akuya zarenta a matse yake, tana da ƙwari, tana jure shekaru. Ta rago da tunkiya ta fi maiƙo, ta fi saki, fuskarta kan rabu da cikinta idan ta daɗe. Tun da layya yawanci rago ake yankawa, fatar da ta fi cika ɗaki bayan Sallah ita ce wadda ta fi buƙatar a fitar da wuri. Mai hankali yakan fara sayar da ita, ya bar ta akuya a baya.

Fatar akuyar nan ba yau ta fara nuna juriya ba. Jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake kira ta Maraɗi, ita ce ta ba da fatar da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, saboda ta hannun fataken Arewacin Afirka take isa gare su. Lokacin da Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda takalma da jemammun fatu ke fita daga birnin har zuwa Tarabulus. A tuna cewa a wancan zamani ayari yakan yi watanni a hanya, ta Agadas da Gat, kaya a ɗaure bisa raƙumi, rana ta doka dare ya yi sanyi. Fatar da ba za ta jure wannan ba, ba ta da kasuwa tun farko. Wato ingancin ajiya yana cikin abin da ake saye, ba ƙari ba ne.

Akwai wata shaida daga Ingila. A ƙarshen ƙarni na 19 masu kula da ɗakunan karatu a can sun shiga damuwa, domin bangon fata na littattafansu yana zama jar ƙura yana zubewa. Bincike ya nuna hayaƙin kwal da na fitilun gas yana shiga fata ya zama guba mai cinye ta, musamman wadda aka jeme da gaggawa ko aka wanke da ruwan asid. A 1901 wani fitaccen mai ɗinkin littattafai, Douglas Cockerell, ya rubuta cewa fatar da ya fi samun amfaninta ita ce ta akuyar da Kamfanin Royal Niger ke kawowa daga nan yankin. Jimar bagaruwa ce, irin wadda har yau ake yi a Kano da Sakkwato da Damagaram. Abin da ya kamata mai ajiya ya ɗauka daga wannan labari ba alfahari kaɗai ba ne. Hayaƙin da ya ci littattafan Landan ɗan'uwan wanda janareta mai dizal ke fitarwa ne, kuma shaguna nawa ne yau ake girke janareta a bakin ƙofar ɗakin da fata take?

Babban abokin gabar mai ajiya a ƙasar Hausa dai shi ne juyin yanayi. Jemammiyar fata tana shan danshi daga iska, tana kuma sakinsa. Masu kula da kayan tarihi sun fi son danshin iskar ɗaki ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Idan ya haura wajen kashi 70 ya daɗe a haka, fumfuna ta samu wuri. Idan ya faɗi ƙasa sosai, fata ta bushe ta ƙandare. To, Kano tana da duka biyun a shekara guda. A watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi yawa, danshi yakan wuce wancan ma'auni na fumfuna. Da tsakiyar hunturu kuwa yakan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana. Fata ta kumbura da damina, ta tsuke da hunturu, kowace shekara haka, kuma wannan kai-komon ne ke gajiyar da ita fiye da kowane ɗayansu shi kaɗai.

A nan ne nake ganin tsofaffin ɗakunan ƙasa sun fi shagunan yanzu. Soro mai kaurin bango da rufin azara ba ya barin zafi ko danshi su sauya farat ɗaya. Abin da ke faruwa a waje sai a hankali yake isa ciki. Shagon bulo mai rufin kwano kuwa da rana tanda ne, da dare kwanon ya yi gumi ya ɗiga. Ɗigon kuma ba ruwa ne kawai ba, tsatsa ce a cikinsa. Duk baduku ya san yadda ake samun baƙi: kuloko, wanda da ƙarfe ake haɗa shi, da zarar ya taɓa fatar bagaruwa sai ta yi baƙi ƙirin. Abin da baduku ke yi da gangan, shi ɗigon kwano da kan ƙusa da tsohuwar waya ke yi wa fata ba a sa su ba, kuma wannan tabon ba ya wankuwa. Don haka ba a rataye jemammiyar fata a ƙusa, ba a ɗora ta a kantar ƙarfe sai an shimfiɗa katako ko tabarma. Tagulla da farin ƙarfe su ma ba su da tabbas: inda maɓallin tagulla ya daɗe manne da fata mai mai, wani koren abu yakan fito ya ci wurin.

Daɓen siminti shi ma mayaudari ne. A ido busasshe ne, amma da damina yana jawo laima daga ƙasa, kuma fatar da ke can ƙasan tari ita ke sha. Shi ya sa kalmar da yaron shago ya fi ji daga bakin maigidansa ita ce, "Kai, ɗaga min fatun nan daga ƙasa." Ana yin gado na katako mai tsayin kamar taƙi ɗaya ko biyu, a janye shi daga jikin bango yadda iska za ta zagaya, yadda kuma za a ga hanyar gara tun tana fara gini. Gara ba ta sallama. Tari yana nan lafiya lau daga sama, a ɗaga a tarar ta cinye rabin na ƙasa.

Jera fata ma da ƙa'idarsa. Ƙananan fatu, na akuya da tunkiya, a shimfiɗe ake ajiye su, fuska da fuska, ciki da ciki, don kaushin cikin wata kada ya ɓata fuskar wata. Ba a yin tari mai tsawo, saboda nauyi yana danne na ƙasa ya hana su shan iska. Ba a haɗa launi: ja ta karan dafi daban, rawaya ta gangamau daban, baƙa daban, wadda ba a rina ba kuma nesa da su duka, domin da ɗan danshi launi zai yi naso. Manyan fatu na shanu naɗe su ake yi, ba ninkewa ba. Ninki yana barin kari, kuma a kan karin nan fata ke tsagewa ran da aka zo buɗewa. Wajen naɗi akan yi gardama. Wasu fuska waje suke yi don kada ta yi tamoji, wasu fuska ciki don kada haske da ƙura su taɓa ta. Ni na fi karkata ga fuska waje a kuma lulluɓe da akoko, tun da yadi zai tare haske da ƙura amma babu abin da zai gyara tamoji. Takardar jarida ba ta dace ba, tawadarta tana komawa jikin fata.

Sai leda. Idan akwai abu guda da ya shigo wannan sana'a ya yi ɓarna da sunan gyara, to ita ce. Mutum ya ga damina ta ƙarato, sai ya ɗure fatunsa a babbar leda ya ɗaure bakin, a zuwan ya tsare su daga ruwa. Alhali danshin da ke cikin fatar da kanta ya kulle, rana ta dumama, gumi ya taru, ya buɗe bayan wata biyu ya tarar da fumfuna fari da kore. Kuskuren yana da asali. A manyan masana'antun Challawa da Sharaɗa, inda ake jima da sinadarin kurom, akwai matakin da fata take fitowa shuɗiya-shuɗiya kuma a jiƙe. Wannan da gangan ake naɗe ta a leda bisa katako, bayan an sa mata maganin fumfuna, domin idan ta bushe a wannan matakin da wuya ta sake shan ruwa yadda ake so. Wanda ya ga haka a masana'anta sai ya ɗauka ci gaba ne, ya kai shi kan busasshiyar fatar bagaruwa, wadda iska take so. Jima biyu ne daban, ajiyarsu ma daban.

Idan fumfuna ta riga ta kama, ba a gaggawar sa ruwa. A fitar da fatar waje, a inuwa mai iska, a bar ta ta sha iska tukuna, sannan a goge da busasshen tsumma ko burushi mai laushi, mai gogewar ya rufe hancinsa. A raba ta da sauran. Amma ba kowane farin abu ne fumfuna ba. Wani lokaci man da aka shafa ne yake fitowa ya daskare a fuska idan sanyi ya kama, wani lokaci kuma gishiri ne. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗan dumama wurin da tafin hannu ko a kusantar da shi ga ɗumi. Idan ya narke ya ɓace, mai ne. Idan yana nan, ga kuma warin ruma, fumfuna ce.

Batun mai yana da wuyar sha'ani. Da hunturu fata tana buƙatarsa, in ba haka ba ta ƙandare. Amma mutanenmu suna da hannu wajen shafawa. Man gyaɗa idan ya yi yawa yakan yi ɗoyi, ya duhunta fata, ya riƙe ƙura, ya kira ɓera, da damina kuma ya zama abincin fumfuna. Gwanaye kaɗan suke sawa, su murza ya shiga, kuma sai fatar ta nuna tana so. Baƙin man inji da wasu ke shafa wa kayan doki don araha ba abin yi ba ne, araha ba ta ado. Rana ma haka. Shanya fata a tsakiyar rana don kashe ƙwari yana ƙona man da ke cikinta, kuma fatar bagaruwa da ba a rina ba tana yin duhu a haske, har ka ga shatin inda wata ta rufe wata.

Buzu da duk fatar da aka jeme da gashinta matsalarsu daban ce, don asu da ƙananan ƙwari gashin suke ci. Maganinsu na farko motsi ne: a fitar, a kakkaɓe, a duba gindin gashi. Ana zuba busasshen ganyen darbejiya a tsakani, wasu su sa kafur a ƙulle cikin tsumma a kusurwar ɗaki, ba a jikin fata ba. Fesa fiya-fiya a rufaffen shago, kamar yadda wasu ke yi, ganganci ne. Yaron da ke kwana a shagon shi zai shaƙa, kuma buzun nan goshi za a ɗora a kansa.

Idan aka tattara, aikin mai ajiya juyi ne. Da damina duk mako ko biyu yana sauke tari, na ƙasa ya koma sama, yana shafawa yana sunsunawa, yana buɗe taga ranar da gari ya washe, ya rufe ranar da hadari ya haɗu. Da hunturu ya toshe kafofin ƙura. Fatar da ta fara shiga ita ke fara fita. Aiki ne da ba a ganin sakamakonsa sai ran da aka daina yi, kuma wannan ne dalilin da ya sa yaran yanzu ke raina shi. Yaro yana so a koya masa yanka da ɗinki da zane, abin da zai ɗauka a waya ya nuna. Juya fata a ɗaki mai duhu ba ya cikin burinsa. Amma a shagon baduku na gaske, ba a miƙa wa yaro wuƙa sai ya iya bambanta fata mai lafiya da mai ciwo da hannunsa.

Yanzu akwai ƙaramin ma'aunin danshi mai batir, wanda kuɗinsa bai kai na fata biyu masu kyau ba. Da kowane ɗakin ajiya zai rataye ɗaya, da an daina dogaro da hanci kaɗai. Akwai kuma cibiyar nazarin fata ta tarayya a Samaru, Zariya, wadda horar da masu wannan sana'a na cikin aikinta. Abin da ake buƙata daga irinta shi ne bayani da Hausa, a kai shi har majema da Kurmi, a kan abubuwa ƙanana irin su leda da kwano da maganin ƙwari, ba sai an jira majemi ya je aji ba. Buƙatar ta ƙaru, domin fatar shanu yanzu rabonta ake yi da masu cin ganda, kuma abin da ya yi tsada bai kamata a bar shi ya ruɓe a ɗaki ba.

Wannan ilimi bai tsaya ga 'yan kasuwa ba. Gidaje da yawa a ƙasar Hausa suna da jemammiyar fata a ajiye ba tare da sun ɗauke ta a matsayin ajiya ba: gafakar Alƙur'anin kaka, zabira, kuben takobi, tumtum, sirdi da linzamin da ba a fitowa da su sai hawan Sallah. Rubuce-rubucen malamai da ke Gidan Arewa a Kaduna da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da waɗanda ke hannun zuri'ar malamai a zaure, da yawansu gafakar fata ce ta tsare su har suka kawo yau. Idan gafaka ta kamu da fumfuna, takardar da ke ciki ita ce ta gaba.

Mai karatu, idan kana da irin waɗannan a gida, kada ka jira ruwan farko. Fitar da su daga leda da akwatin ƙarfe, ka kakkaɓe su a inuwa, ka naɗe su a farin yadi, ka ɗora su a kan katako nesa da bango. A watan Agusta ka sake dubawa.